Rufin ƙafa 60 ba ginshiƙi a tsakiya: yaya masu tashar jirgin ƙasa suka yi nasu?

Mai Walda Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni mai karantawa ne in wuce, ban cika rubutu ba, amma yau tura ta kai bango. Sana'ata walda, shekarata 19 a Suame Magazin, unguwar masu aikin ƙarfe da gyaran mota a nan Kumasi, shida daga ciki a hannun mastana kafin ya sallame ni. Ƙofa, taga, tankin ruwa, bodin mota, rumfar shago, babu wanda ban yi ba. Sai dai rufi mafi faɗi da na taɓa ɗagawa ƙafa 35 ne.

Kwamitin makarantar Islamiyyar unguwarmu ne suka kira ni. Suna so a rufe filin gaba, inda ake walimar sauka da tafsirin azumi. Daga katanga zuwa katanga ƙafa 60 cif, sau biyu na ja tef. Sun ce ba sa son ginshiƙi a tsakiya don kada ya yanke sahu, na ce na ji. Na je na zano musu rufi mai lanƙwasa kamar baka, da rodi a miƙe daga wannan ƙafa zuwa waccan. Shugaban kwamitin, dattijo ne da ko ido ba na iya haɗawa da shi, shi ya yanka ragon sunana, ya ɗora yatsa a kan rodin ya ce, "Wannan igiyar shanyar fa? Cire ta." Ya ce shi da ƙafarsa ya shiga wata tashar jirgin ƙasa a Landan wadda faɗinta ya ninka filinmu sau huɗu, ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa, bai ga igiya ko ɗaya ba. Na ce to, Alhaji. Me zan ce?

Ran Lahadi bayan la'asar na bi ta Adum na gangara wajen tsohuwar tasharmu, na ratsa masu gwanjo da suka baza kaya a kan dogo, don in ga yadda mutanen da suke haɗa ƙarfe. Na tsaya a gindin wata tsohuwar rumfa na fi rabin awa. Babu ɗigon walda ko ɗaya. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu sai ka ga faranti, da kawunan ƙusoshi a jere kamar an tsaga goro an kifa. Na ciro sifana na ƙwanƙwasa ginshiƙin, ya amsa mini tangaran. Sai na tuna rumfar da na yi wa wata hajiya shekara takwas da suka wuce, wadda a watan jiya na sa babban yatsa a gindin bututun ya shige.

Don Allah wanda ya sani ya warware mini. Gaskiya ne akwai rufi irin wanda Alhaji ya gani, in akwai me ya riƙe shi? Kuma wane irin ƙarfe ne nasu da ya ƙi mutuwa, namu yana ruɓewa muna kallo? Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo farashi.

Ɗan Asawase a Landan:

Wa alaikumus salam Yaya. Alhaji bai yi ƙarya ba, kuma ina jin na san tashar. St Pancras ce, ta nan nake sauka kullum in na taso daga aikin dare. Faɗinta ya haura ƙafa 240, tsayin tsakiyarta wajen ƙafa 100, tsawonta kuwa ya kusa 700, babu ginshiƙi ko ɗaya a cikin filin. A 1868 aka buɗe ta, injiniyan sunansa William Barlow, kuma a lokacin babu rufi mai faɗinta a duniya. An yi mata fenti shuɗi kalar sararin sama. Daga nan jirgin Faransa yake tashi tun 2007.

Amma ka gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa igiyar tana nan. A kanta ya tsaya lokacin da yake neman ta a sama. Layin dogon sai da ya haye wata hanyar ruwa kafin ya shigo tashar, shi ya sa jiragen suke tsayawa a bene, sama da titi. Daɓen da jiragen ke kai manyan ƙarafa ne a kwance, kuma su ne suka ɗaure ƙafar bakan ta dama da ta hagu. Rufin ba a kan katanga ya zauna ba, tun daga daɓen ya fara lanƙwasa. Wato tsirkiyar ce aka binne a ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Ƙarƙashin daɓen kuma ɗaruruwan ginshiƙan ƙarfe ne. Abin dariya, tazarar da ke tsakaninsu an auna ta ne da gangunan giya da ake kawowa daga wani gari Burton, don nan ne sito ɗinsu. A'uzu billahi, wannan kada ka kai wa kwamiti. Yanzu shaguna ne a wurin, nan nake sayen shayi mai tsadar da ba zan faɗa ba don kada gida su ce na haukace.

Baba Tsohon Reluwe:

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni idona ya daina ganin waɗannan ƙananan baƙaƙe. Ya karanta mini tambayarka, ɗana, na ce ya ajiye abin da yake yi.

Ni a ƙungiyar masu gyaran gada da rumfuna na yi aiki, tun ina saurayi har na yi furfura. Mahaifina kuwa ɗan dako ne a sito ɗin kaya na tashar nan ta Kumasi, huhun goro yake lodawa a tarago. Bari in fara daga nasa zamanin, don ƙarfen da ka ƙwanƙwasa ya girme ni.

Ba don mu Bature ya shimfiɗa dogo ba, don zinariya ne. A 1898 aka fara daga Sekondi, aka isa Tarkwa a 1901. Kafin nan injin haƙar ma'adinai sai an wargaza shi gunduwa-gunduwa mutane su ɗauka a ka su ratsa kurmi. Yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya kawo wa aikin tsaiko, leburori ma har daga Ikko aka riƙa ɗebo su. Aka kai Obuasi a 1902, Kumasi a 1903, mil 168 daga bakin teku. Na Ankara, tamu ta nan ba ta Turkiyya ba, an fara shi a 1909 saboda koko, bai iso nan ba sai 1923, zamanin Gwamna Guggisberg. Faɗin dogon ƙafa 3 da inci 6, daidai da na Ikko zuwa Kano. Wannan ne ya juya wa fataken goro hanya. Maimakon wata da watanni a bayan jaki ta Gwanja, sai goro ya hau tarago zuwa Sekondi, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya sake hawa tarago zuwa Kano. Alhassan Ɗantata da kuke jin labari, ta wannan hanyar ruwa ya yi fataucin goro kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. Tonawa kuma ba za su manta da tashar nan ba, don ta jirgin ƙasa Nana Prempeh na farko ya iso Kumasi a 1924 bayan an dawo da shi daga gudun hijirar da aka tilasta masa.

Ƙarfen duka daga Ingila yake zuwa, a yanke, a huje, kowane guntu da lambarsa a jiki. Kafin a buɗe tashar ruwa ta Takoradi a 1928, babban jirgi nesa da gaɓa yake tsayawa a sauke kaya cikin ƙananan jirage. Don haka ba a yin guntun da ya fi ƙarfin ɗauka. A nan haɗawa kawai ake yi, kamar tela da aka kawo wa yankakken yadi.

Waɗancan kawunan goro da ka gani sunansu ribit, na buga su da hannuna ba adadi. Mutum huɗu ake so. Yaro yana zaune gaban ɗan murhun gawayi yana juya fankar iska, ƙusoshin suna cikin wuta. Ba ja kawai ake so ta yi ba, sai ta wuce ja ta doshi ruwan lemo, amma in ta fara tartsatsi ta ƙone, a jefar. Ya cafko ta da awartaki ya miƙa ko ya wurga wa na biyu, shi kuma ya zura ta a rami. Na uku yana baya ya danne kanta da wani dunƙulen ƙarfe, ya sa ƙirjinsa da duk nauyinsa. Na huɗu ya hau dukan wutsiyar har ta zama kai. Duk wannan kafin ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. To ga asirin: ƙarfe in ya huce yana tsukewa. Ƙusar tana sanyi tana jawo farantan biyu, ta matse su matsewar da ko ruwa ba ya samun hanya. Ba ka buƙatar noti, sanyi ne sifanarka.

Ni na fara ne a mai dannewa. Kunnena na hagu tun lokacin ya tafi hutu.

Sai kuma aikin da ba wanda yake yaba mana, wanda shi ne amsar tambayarka. Muna da ƙaramar guduma, ba ta kai nauyin kofin shayi ba. Ka ɗora yatsa a gefen kan ƙusa, ka ɗan buga ɗaya gefen. In lafiyarta ƙalau za ta ce tin, yatsanka ba zai ji komai ba. In ta saki sai ta ce taf, ka ji ta motsa kamar haƙorin yaro mai famfara. Ka zagaye ta da alli, gobe a sare ta a sa sabuwa. Haka muke bi ɗaya bayan ɗaya, gada guda ta ci mana kwanaki. Bayan nan kankara da burushin waya har ƙarfe ya fito fili, sannan jan fenti mai dalma, sannan na sama. Mu gama wannan tasha mu wuce ta gaba, kafin mu zagayo ta farko ta isa sake shafawa. Hayaƙin kwal ɗin Inugu da muke ƙonawa akwai farar wuta a cikinsa, in ya haɗu da tururi ya kwanta a jikin kwano sai ya cinye shi kamar gara. Kwanon da ke saman inda kan jirgi yake tsayawa shi ne kullum yake fara hujewa.

Don haka kada ka ce ƙarfensu ya ƙi mutuwa. Jinyarsa aka yi. Ka koma da wuƙa ka kankare gindin ginshiƙin nan ka ƙirga fenti hawa nawa ne, sannan ka zo ka gaya mini sau nawa ka koma wa rumfar hajiyarka da burushi a shekara takwas.

Hajiya Mai Atamfa:

Ni ban san ƙarfe ba, amma na san zama a ƙarƙashinsa, shekara talatin ina kasuwa. Ɗana, kuna ta maganar kada ya faɗi, ba wanda ya yi maganar kada ya dafa mu. Tsofaffin rumfunan wajen tasha suna da tsayi, gefensu a buɗe, wasu kuma a ƙololuwa akwai ɗan ƙaramin rufi a kan babban, da tazara a tsakani, zafi yana fita ta nan. Waɗanda kuke yi mana yanzu, ƙarfe biyun rana sai ka ji kamar an kifa maka tukunyar waake a ka. Kuma a wurin tafsiri mu mata ake turawa can ƙarshe jikin katanga inda iska ba ta zuwa, ga azumi a baki. In za ka kai wa kwamiti farashi ka sa wannan a ciki. In Alhaji ya ce tsada, ka ce ya zo ya zauna a sahunmu rana ɗaya.

Injiniya 'Yar Tafo:

Sannu Masta. Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka faɗa a kan ribit ya fi yadda aka koya mana a jami'ar Tech ta Kumasi daɗin ji. Ni aikina lissafin gine-gine, bari in sa baki.

Hajiya ta riga ta amsa wani abu da ba a tambaya ba, wato me ya sa ba a yi mana irin St Pancras a nan ba. Su can ruwa da sanyi suke gudu, ga jirage da yawa a jere a lokaci guda, ga kamfanoni masu gasar nuna isa, kowa yana so tasharsa ta fi ta ɗan'uwansa. Gilashi ma ya yi araha bayan an cire masa haraji a 1845, sai suka riƙa rufe rabin sama da shi don haske. Ka kifa wannan gilashin a Kumasi a watan Maris ka ga abin da zai faru. Mu inuwa da iska muke nema, rumfa a kan dandamali ta wadatar.

Su ma ba da ƙarfe suka fara ba. Tashar farko ta Liverpool, ta layin Liverpool zuwa Manchester da aka buɗe a 1830, rufin katako gare ta. King's Cross ta Landan ta 1852 ma bakunanta na katako ne da aka manna hawa-hawa, daga baya aka canza su da ƙarfe. Katako da tartsatsi da tururi ba sa zama gida ɗaya. Euston ta 1837, ita ma a Landan, tana cikin na farko da suka yi da ƙarfe, amma faɗin kowane sashe ƙafa 40 ne kacal, kusan irin wanda ka taɓa ɗagawa. Daga nan abin ya riƙa tafiya kamar ana tsere: Lime Street a Liverpool ta haura ƙafa 150 a 1849, New Street a Birmingham ta haura 200 a 1854, sai Barlow a 1868. Newcastle ta 1850 ce ta fi kusa da aikinka, don bakunanta wajen ƙafa 60 ne kowanne.

Ƙarfe iri biyu suke da shi a wancan zamani, kuma halinsu ya saɓa. Na zubi, wanda ake narkawa a kwarara a mazubi, irin na tsohon dutsen guga ko murfin kwalbati. Ka ɗora masa duk nauyin da kake so daga sama zai ɗauka, amma ka ja shi ko ka lanƙwasa shi sai ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli, ba sallama. Kai ka fi ni sani, ka sha fama da shi a bulok ɗin inji. Na biyu na ƙira, wanda ake duka ana murzawa har ya yi jijiya kamar rake, shi yana jure ja, kuma yakan miƙe kafin ya tsinke. Shi ya sa ginshiƙi na zubi, rafta da rodi na ƙira. Sun koyi wannan da jini: a 1847 gadar kogin Dee a Chester, mai ƙarafan zubi a kwance, ta karye da jirgi a kanta, mutum biyar suka mutu, kuma injiniyanta Robert Stephenson ne, ɗan George Stephenson da kansa, wanda ake kira uban jirgin ƙasa. Kwanon rufi mai tudu da kwari ma na wannan zamanin ne, Henry Palmer ya yi masa rajista a 1829, tsoma shi a tutiya kuma ya biyo baya a 1837 daga Faransa.

Amma abin da ka ƙwanƙwasa a tasharmu, ka lura da shekarun da Baba ya kawo. Kafin dogo ya iso Kumasi sitil, wato ƙarfe irin na yanzu, ya riga ya karɓe kasuwa, gadar Forth ta 1890 ma da shi aka yi. Galibin ƙarfen gini na bayan 1900 ɗan'uwan wanda kake saya ne. Bambancin kauri ne da siffa. Nasu angil ne da faranti mai kauri, a buɗe, burushi yana kai wa ko'ina. Naka bututu ne mai siririn jiki, ruwa yana shiga ciki ya kwanta a gindi, yana cin sa daga inda ba ka gani. Tsatsar da za ta ɗan goge fuskar faranti ita ce za ta huda bututu. Sannan kada mu manta, waɗanda suka rage muke gani. Waɗanda suka ruɓe an daɗe da sayar da su a kilo.

Yanzu igiyar shanya. Baka in an danne shi daga sama, ƙafafunsa waje suke son tafiya. Dole wani abu ya hana su: ko katanga ko harsashi mai kaurin ganuwa, ko tsirkiya a sama, ko tsirkiya a ƙasa irin ta Barlow. Ko kuma a bar baka gaba ɗaya a yi ƙwarangwal mai kusurwa uku-uku, wanda shi ma ƙarfensa na ƙasa aikin tsirkiya yake yi. Katangar bulo inci 6 ba za ta iya ba, turewa za a yi.

Ka ba Alhaji labarin Charing Cross, ita ma a Landan take. An buɗe ta a 1864, faɗin rufin ƙafa 164, baka ne da rodi. Ran 5 ga Disamba 1905, ma'aikata suna sama suna gyara da fenti, sai aka ji ƙara. Rodi ɗaya ne ya tsinke. Rufin ya ɗan jima yana sunkuyowa, har aka samu aka fitar da fasinjoji, sannan wani sashe ya rufto, ya ture katangar gefe ta faɗa kan gidan wasan da ke maƙwabtaka. Mutum shida suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar a wurin da maƙera suka haɗa rodin tun farko akwai aibi a can ciki, bai kama duka ba, ya yi shekara 40 yana jira. Wannan ya shafe ka kai tsaye, Masta, don haɗin da ke tsakiyar rodinka hannunka ne zai yi shi.

Abu biyu kuma da zanenka bai nuna ba. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: a ƙafa 60, tsakanin sanyin asuba da zafin kwano da rana, in bambancin ya kai digiri 30, zai ƙaru da wajen milimita 6. Kaɗan ne, amma in ka kafe ƙafa biyun a bulo ba wurin motsi, bulon ne zai tsage. Na biyun ya fi ba ni tsoro. A garin nan rufi bai cika faɗowa ƙasa ba, sama yake tashi. Guguwar farkon damina tana shiga ƙarƙashin buɗaɗɗiyar rumfa ta ɗaga ta kamar lema. Rufin mutanen da nauyinsa ke taimakonsa, naka mara nauyi sai an ɗaure shi da harsashi sosai. Kuma in iska ta ɗaga, rodin da aka yi don ja sai ya koma ana matsa shi, siririn rodi kuwa lanƙwashewa yake yi.

Ba zan ba ka kaurin ƙarfe ta intanet ba, kuma kada ka karɓa daga kowa. Wurin da yara ɗari za su zauna, sai an zo an ga ƙasar, an ga katangar, an yi lissafi an sa hannu, an nemi izinin gini. Ka turo mini saƙo, ran Asabar ba na aiki.

Bazazzagi a Alabar:

Kuna ta Landan Landan. A shekarun da ake gina Euston ɗin nan, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani yana gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azarar giginya, ba ƙusa ba ƙarfe. Bakan gizo muke kiran irin wannan lanƙwasa. Azara ake jerawa hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga dama da hagu har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Ku je ku ga kaurin ginshiƙan da suka ɗauke su. Abin da Injiniya ta ce ke nan, in ba ka son igiya to ka biya kuɗin kauri. Kuma shi ma ginin ƙasa duk shekara sai an bi shi da yaɓe kafin ruwa ya sauka, irin fentin Baba. Ni dai a ce wa Alhaji ko a gidan kakanninsa ba a taɓa yin baka a kan iska ba.

Mai Walda Aboabo:

Jama'a na gode, Allah ya saka. Na yi shiru kwana biyar ne don ina so in dawo da labari.

Baba, na koma da wuƙa. Wani mai sayar da takalma ya ɗauka ɓarawon ƙarfe ne ni, sai da na nuna masa katin ƙungiyarmu. Na kankare wuri kamar faɗin kwabo a gindin ginshiƙin. Na ƙirga hawa bakwai da idona, akwai toka-toka, akwai kore, akwai baƙi, can ƙasa kuma ja, yana nan da kyansa kamar jiya aka shafa, ƙarfen da ke bayansa sumul. Amsar ɗaya tambayar kuwa, ban koma wa rumfar hajiya ko sau ɗaya ba. Jiya na tura yara biyu da burushi da galan, ban karɓi ko sidi ba.

Alhaji kuma ban iya yi masa musu da baki ba, sai na yi dabara. Na yanki langa-langa mai tsawon hannu, na lanƙwasa, na huda bakin biyu na ɗaure da zaren buhu. Bayan isha'i na same su a ofishin makaranta suna shan shayi. Na ajiye a kan tebur na ce, Alhaji, don Allah danna tsakiya. Ya danna, abin ya tsaya. Na ce ƙara. Ya ƙara har jijiyar hannunsa ta fito. Ina tsaye da reza a hannu, na taɓa zaren. Ƙafafun suka watse, ɗaya ta doki kofin ma'aji, shayi ya bi ta kan littafin rasit. Ba wanda ya yi magana. Na ce kofin nan shi ne katangar gabas, bayanta kuma ajin 'yan shekara biyar ne. Sannan na ba su labarin tashar da ya gani da inda aka ɓoye tata igiyar, ban ambaci gangunan ba.

Ya daɗe yana juya langa-langar a hannu. Da ya buɗe baki sai ya ce, to a binne tamu mu ma. Na ce sai an fasa daɓen da aka zuba bara. Ma'aji, yana goge littafi, ya ce shi bai ga laifin igiya ba. Sai Alhaji ya ce in an bar ta a sama, za a iya rataya mata fanka? Na ce wannan sai Injiniya.

Hajiya, na sa ɗan rufin ƙololuwa a sabon zane, kuma na faɗi saƙonki yadda kika ba ni. An yi dariya, amma ba a cire shi ba.

Injiniya, ran Asabar ƙarfe tara za mu haƙa gindin katangar gabas ki ga zurfin harsashinta, na riga na yi magana da masu diga. Baba, in ƙafa ta yarda zan turo yaro da pragya, babur mai ƙafa uku, ya ɗauko ka. In ƙaramar gudumar nan tana nan ka taho da ita, akwai ribit biyu a jikin farantin can na tasha da nake zargi, ni da sifana duk tin suke ce mini.